Shafi na Sha Bakwai, Layi na Shida

Litinin, 13 ga Afrilu

Yau sati goma cif da na fara aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma. Saura sati goma sha shida wata shidan gwaji ya cika, a ba ni takardar tabbatarwa ko a ce in koma gida. Umma ce ta ce in sayi littafi in riƙa juye abin da ke raina a ciki, wai ta gaji da jin ina cizon haƙora cikin barci kamar akuya na tuƙa.

Teburina na bakin ƙofa, ƙafarsa ɗaya a kan tsohon fayil. Anti mai buga takardu ta laƙaba mini suna Digiri tun ranar farko, yanzu har mai gadi haka yake kirana. Ban so ba, amma ban nuna ba.

Sati goma ina jera rasit. Yau dai Ma'aji, shugaban sashenmu, ya ba ni aikin gaske. Rahoton kuɗi na wata ukun farko za a haɗa, ni zan tsara jerin ayyukan da aka gama aka biya. Fayil arba'in da uku. Ya ce, "'Yata, an ce ba kya barin ko ɗigo ya wuce ki. Mu gani." Na ji daɗi har kunya ta kama ni.

Laraba, 15 ga Afrilu

Fayil na ashirin da tara. Kwalbatin bakin layinmu.

Na karanta sunan layin sau uku. An rubuta an gama aiki ranar 12 ga Fabrairu, an biya ɗan kwangila ranar 19, miliyan goma sha ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ga takardar injiniya da hatimi. Ga hoto, kwalbati sabo fil, da bishiyar mangwaro a bayansa.

Babu mangwaro a bakin layinmu. Turken wuta ne, ya karkata.

Da safen nan na tsallaka wurin a kan katako biyu da mai walda ya ɗora tun bara. An dai zo a Janairu, an haƙa, an jibge yashi, aka tafi. Yashin ma yara sun gama watsa shi. Ramin ya fi da faɗi, shi ke nan abin da ya canza.

Na ajiye fayil ɗin gefe na ci gaba da na talatin.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Wataƙila akwai wani layi mai irin sunan namu. Na duba taswirar sashen ayyuka. Babu.

Jumma'a, 17 ga Afrilu

Na shiga wurin Ma'aji. Tun a hanya nake maimaita abin da zan ce, da na shiga sai ya tsere mini. Na dai ce, "Ranka ya daɗe, wannan kwalbatin ba a yi shi ba, a layin nake zaune."

Bai yi fushi ba. Da ma ya yi. Ya ce in zauna, ya buɗe fayil ɗin a hankali. Takardar kwangila tana nan? Tana nan. Ta injiniya? Tana nan. Sa hannun shugaba? Yana nan. Ya ce, "To me ya ɓace?" Na ce kwalbatin. Ya yi dariya sosai, har ya share ido.

Ya ce mu sashen kuɗi da takarda muke aiki, siminti na sashen ayyuka ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma kada in damu, doka ta yi tanadi. Rahoton nan za a manna shi a allon sanarwa kwana ashirin da ɗaya, jama'a su gani da idonsu. Duk wanda ya ga abin da ba daidai ba ya rubuta ƙorafi a rajista, kuma ƙorafi ko guda ne dole a aika wa masu binciken kuɗi na sama. "Ba a ɓoye komai a nan, 'yata."

Na fito da sanyin zuciya. Layinmu gida talatin da ɗaya ne. Ko mutum ɗaya ya karanta ya isa.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Ban gaya wa kowa a gida ba. Ranar da na fara aiki na sa hannu a takardar riƙe sirri, sakin layi na huɗu: ma'aikacin da ya fitar da bayanin ofis ta hanyar da ba ta hukuma ba, kora ce.

Gidanmu ne na ƙarshe a gangare. Shagon ɗinkin Baba a ɗakin gaba yake, ƙofarsa na kallon titi. Bara da ruwa ya rasa hanya ta wurin kwalbatin, shagon ya nufa. Yadin mutane bakwai ya lalace, Baba ya biya kowa. Bangon ɗakin Umma ya tsage, tsagar tana nan, ɗan yatsana yana shiga.

Yau na zauna a shago ina kama masa bakin zani. Har yanzu akwai sawun ƙafafun keke na biyu a siminti, wanda ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta na shekarar ƙarshe. Ya ce, "Uwata, yaya manyan ƙasa?" Na ce lafiya. Ya zura zare a allura a karo ɗaya, yana kallona. Shekara sittin da ɗaya, bai taɓa sa tabarau ba, kuma kowa sai ya ji wannan labarin.

Alhamis, 30 ga Afrilu

An gama buga rahoton. Shafi talatin da ɗaya. Namu ya faɗo shafi na 17, layi na 6. Lissafi ya daidaita har kan kwabon ƙarshe, ni na duba, sau biyu.

Litinin, 4 ga Mayu

Yau aka manna.

Aikina ne, tun satin jiya aka gaya mini. Anti ta ce kullum sabon shiga ake ba rajistar ƙorafi, shi ke sa hannu a ƙarshe cewa an nuna wa jama'a. "Hannunki sabo ne, Digiri, bai yi datti ba."

Allon yana baranda, kusa da ofishin haraji. Akwati ne na katako mai murfin gilashi da kwaɗo. Makulli na wurin Baba Masinja, shekararsa ashirin da shida a nan. Na zo da kwalin fil da na saya da kuɗina, na ma auna allon tun Alhamis, zai ɗauki shafi goma sha takwas, sauran a bango. Ya kalli fil ɗin, ya kalle ni. Ya ce, "Kawo nan, 'yar nan, ki ga yadda ake yi."

Ya daidaita shafukan a gwiwarsa, ya ɗora su a tsakiyar allo a dunƙule, ya ɗauko babbar sitefula. Ƙas, kusurwar sama ta dama. Ƙas, ta hagu. Sannan na ƙasa biyu. Ya rufe gilashi, ya datse kwaɗo. Bangon rahoton kaɗai ake gani, da tambarin hukuma da kwanan wata. Shafi talatin suna ciki a ɗinke.

Na ce, "Baba, ta yaya za a karanta?" Ya ce, "Iska ce. In ba a kama kusurwa huɗu ba sai ta kaɗa shi." A cikin gilashi.

Aka kira ni na tsaya gefen allon, aka ɗauki hoto da waya don fayil. Ina jin na yi murmushi. Hali ne, in an ɗaga waya.

Talata, 5 ga Mayu

Na karanta dokar da kaina lokacin hutun rana. Sashe na 12 ya ce "a manna cikakken rahoto a wurin da jama'a ke gani." An manna. Cikakke ne. Jama'a na ganin wurin. Babu inda aka ce a buɗe.

Sashe na 13: mai ƙorafi ya zama mazaunin yankin, ya zo da kansa, ya faɗi shafi da layin da yake ƙorafi a kai. Ƙorafin da babu shafi da layi ba a karɓa. Ma'aikacin hukumar ba ya ƙorafi.

Na karanta har sau huɗu ina neman ƙofa.

Alhamis, 7 ga Mayu

Na roƙi Baba Masinja aron makulli, na ce minti goma. Ya ja ni gefe wajen famfo. Ya ce shekara huɗu da suka wuce an yi wani yaro mai irin kaina, ya baje shafuka har bango. Kwana biyu suka yi. Yanzu yana can mayanka yana yanka rasit, ba a kore shi ba don shi an riga an tabbatar da shi. "Ke ko inuwar tabbatarwa ba ki shiga ba. Ni saura mini wata goma sha ɗaya in yi ritaya. Ki rufa mini asiri, in rufa miki."

Ba mugu ba ne. Shi ke ajiye mini kujera mai kyau in an yi taro.

Jumma'a, 8 ga Mayu

Kwana biyar. Daga teburina ina hango allon. Mutum uku suka tsaya. Biyu inuwa suke nema. Ɗayan ya gyara hularsa a gilashin ya wuce.

Asabar, 9 ga Mayu

Ruwan farko, da la'asar, minti arba'in. Ya cika ramin, ya shafe katakon, ya gangaro ya tsaya a matakala ta biyu ta shago. Matakalar uku ce. Na auna da tef ɗin Baba bayan ya janye: saura inci huɗu ya shiga.

Umma ta tsaya tana kallon tsagar bango. Baba ya ce, "Wannan gaisuwa ce ya zo yi. Bai kawo kayansa ba tukuna."

Lahadi, 10 ga Mayu

Na gaya wa Baba.

Ban shirya ba. Yana guga, ina ninke kaya, sai kawai na ji bakina yana magana. Na faɗi kuɗin, na faɗi mangwaron, na faɗi kusurwa huɗu. Ya ajiye dutsen guga a tsaye. Sannan ya ce, "Aljihun da aka ɗinke bakinsa. Muna yi wa masu son ado. Daga nesa aljihu ne."

Na ce masa shi mazauni ne, doka ta ba shi dama, ba abin da ake buƙata sai shafi da layi, kuma ni na san su. Rajistar ma a durowata take, ba mai cewa ta ɓace. Ƙorafi ɗaya, dole a aika sama. Ya ce, "Ba abin da zai taɓa ki?" Na ce babu, ai rahoton a manne yake, na kowa ne. Da gaske na faɗa. Na ɗauka na yi dabara.

Ya buɗe littafin awo, ya rubuta 17 da 6 a ƙasan awon wani mutum. Ya ce sai ya gama kayan da ya yi alkawari, sati mai zuwa ko na sama.

Umma daga tsakar gida: "Ku dai bi a hankali. Wata goma sha huɗu yarinyar nan ta yi a zaune kafin yayana ya samo mata wurin nan." Ashe tana ji.

Laraba, 13 ga Mayu

Kwana goma. Rajista fara fat. Na ja layuka da rula a shafin farko don ta zama a shirye.

Litinin, 18 ga Mayu

Kawu ya kira, wai ya haɗu da Ma'aji a wani wuri, ya yaba mini ƙwarai. "Kada ki ba ni kunya." Na ce in Allah ya yarda.

Laraba, 20 ga Mayu

Zan rubuta shi yadda ya faru, daki-daki, ko zan daina ganinsa.

Baba ya zo ƙarfe goma da kwata. Ya sa rigarsa ruwan toka, ya riƙo littafin awo. Mun yi da shi zai yi kamar bai san ni ba. Ya tsaya gaban teburina ya yi sallama, ya ce da ƙarfi, kamar mai karanta wasiƙa, "Na zo ƙorafi a kan shafi na sha bakwai, layi na shida." Anti ta daina bugu. Na fito da rajista na buɗe, na miƙa masa biro.

Sai ga Ma'aji ya fito daga ofishinsa. Ban san ko ji ya yi ba, ko Allah ne ya kawo shi. Ya miƙa wa Baba hannu biyu. "A'a, ai mahaifin 'yarmu ne. Kamar ta yi yawa, Malam, ba ta ɓuya." Suka gaisa, iyali, aiki, zafi. Ya ce ƙorafi haƙƙinsa ne, shekara takwas yana jiran ranar da wani zai yi amfani da rajistar nan. Har ya zaro bironsa mai kyau ya ce a rubuta da shi.

Sannan ya ce, "Amma zo ka nuna mini wurin a allo tukuna, in gani da idona. In kuskurenmu ne mu gyara."

Muka fita baranda mu uku. Baba Masinja yana kan bencinsa, ya sunkuyar da kai.

Baba ya tsaya gaban gilashin. Bango ɗaya, tambari, kwanan wata, ƙarfe huɗu a kusurwa huɗu. Ma'aji yana gefensa, hannu a baya, yana jira. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. A nan na gane abin da ya kamata in gane tun ranar 5 ga wata. Ba a karɓar ƙorafi sai da shafi da layi. Ba mai iya sanin shafi da layi sai wanda ya ga ciki. Duk wanda ya zo da su, ya zo da sunan wanda ya gaya masa. Ni da nake taƙama ɗigo ba ya wuce ni.

Baba ya gane kafin ni, ina jin. Ya matsa kusa da gilashin, ya ƙanƙance ido, ya ja baya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga tsufa. Na baro tabarau a gida. Idon nan ba ya gani sosai yanzu, wataƙila wata takarda na gani a wani wuri na ruɗe."

Ma'aji ya ce, "Ayya. Yakan faru. To rajistar fa?"

"A bar ta, kada in rubuta abin da ban tabbatar ba."

Ya mayar masa da biron da hannu biyu. Ma'aji ya raka shi har bakin ƙofa, ina jin yana tambayarsa nawa yake ɗinka riga da wando.

Na koma na rufe rajista. Anti ta ci gaba da bugu. Can ta turo mini ruwa a kofi ba ta ɗago ba, ta ce, "Sha, Digiri."

Alhamis, 21 ga Mayu

Ba wanda ya kira ni. Ba wanda ya ce komai. Ma'aji ya amsa gaisuwata kamar kullum.

Jumma'a, 22 ga Mayu

Kwana biyu ban shiga shago ba, ta ƙofar gefe nake wucewa. Yau Baba ya kira ni. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Uwata, ruwa in ya shigo yana fita. Na san shi, ya san ni. Aikinki in ya fita ban san ranar dawowarsa ba." Na ce amma ƙarya na sa ka yi gaban mutane. Ya ce, "Ke kika sa ni? Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ya tsaga gefen shafin da ya rubuta 17 da 6, a hankali don kada ya taɓa awon mutumin.

Na yi tunanin mai walda, na yi tunanin malamin makarantar da ke gida na uku. Duk wanda na aika, allon nan za a kai shi. Kuma yanzu an san layin wa ne.

Litinin, 25 ga Mayu

Kwana ashirin da ɗaya sun cika jiya. Baba Masinja ya ɓalle rahoton da bakin makulli, ya kawo mini takardar shaida. Jimla biyu ce. "An manna cikakken rahoto a allon sanarwa na tsawon kwana ashirin da ɗaya. Ba a rubuta wani ƙorafi ba."

Na nemi kalma ɗaya da ba gaskiya ba a ciki, wadda zan tsaya a kanta in ce ba zan sa hannu ba. Minti ashirin ina nema. Babu.

Na sa hannu ƙarfe sha ɗaya saura biyar.

Asabar, 6 ga Yuni

Direban Ma'aji ya kawo yadi kala biyu, da kuɗin ɗinki tun kafin a fara. A bakin layi ya ajiye mota, ya tsallako ta kan katakon. Baba ya karɓa. Ya ce mini aiki aiki ne. Na ga ya yi wa aljihunan ɗinki biyu, masu zurfi.

Alhamis, 18 ga Yuni

Ina ofis aka fara, wajen ƙarfe biyu. Ina kallon ruwan ta taga ina lissafin matakala. Na kira Umma sau shida ba ta ɗauka ba. Ban nemi izinin tafiya ba, don ban san me zan ce in an tambaye ni dalili ba. Na zauna har ƙarfe huɗu ina jera rasit.

Da na isa ya janye. Inci ashirin da biyu a bangon shago, ga layin laka nan. Baba da mai walda sun ɗora keke a kan tebur, kayan mutane a kan kabad, wannan karon ba yadin da ya jiƙe. Bangon ɗakin Umma ya faɗi daga tsagar zuwa kusurwa, ya danne gado da akwatinta. Tana kicin lokacin. Ba wanda ya ji rauni. Na rubuta wannan sau biyu a raina kafin in rubuta a nan: ba wanda ya ji rauni.

Maƙwabta sun taru ana ta zagin hukuma. Matar mai walda ta ce, "Ke da kike ciki, ba za ki gaya musu ba?" Umma ta riga ni: "Ita rasit take jerawa, me ta sani."

Na kwashe laka da bokiti har hannuna ya yi kanta.

Lahadi, 21 ga Yuni

Umma ta dawo ɗakina. An kafa buhuna da langa-langa a wurin bangon. Mai gini ya ce sai bayan damina.

Talata, 14 ga Yuli

Rahoton wata uku na biyu. Ni aka sake ba jerin ayyuka, wai na farko ya yi tsabta. Fayil talatin da takwas.

Na goma sha ɗaya: gyaran kwalbatin bakin layinmu bayan ɓarnar ambaliya. Miliyan huɗu da dubu ɗari biyu. An gama 25 ga Yuni, an biya 30 ga wata. Ɗan kwangilar dai shi ne. Hoton ma shi ne, an ɗan matso kusa, rabin mangwaron ya fita.

Na duba. Takardar kwangila tana nan. Ta injiniya tana nan. Sa hannun shugaba yana nan. An rubuta kwanan wata ɗaya ba daidai ba a takardar biya, na mayar aka gyara.

Ban shiga wurin Ma'aji ba.

Jumma'a, 31 ga Yuli

Takardar tabbatarwa ta fito. Ma'aji da kansa ya miƙa mini, sanye da ɗinkin Baba. Ya ce, "Kin iya aiki, 'yata, kuma kin iya zama da mutane." Anti ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta ce daga yau an daina Digiri, sai Akanta.

Baba ya karanta ta a bakin shago, a tsaye, har ƙananan rubutun ƙasa. Ya ce a sa ta a leda saboda damshi. Umma ta yi kuka. Albashin zai ƙaru daga watan gobe. Na yi lissafi, wata huɗu zai tayar da bangon.

Litinin, 3 ga Agusta

Baba Masinja bai zo ba, gwiwa ta hana shi. Ya aiko da makulli a ambulan da sunana.

Ba wani abu ba ne. Aiki ne dai da za a yi yau, kuma babu mai yi. Na daidaita shafukan, ashirin da tara. Kwalin fil ɗina yana nan a durowa tun Mayu, na gan shi da na buɗe ɗaukar sitefula. Ban tsaya ba, don ana jirana da hoto. Kusurwar ƙasa ta hagu ta ɗan karkace, na cire na sake. Ya fi na wancan karon kyau.

Ina datse kwaɗo wata tsohuwa da ta zo biyan harajin rumfa ta tsaya. Ta ce, "'Yata, me aka rubuta a ciki?" Na ce, "Rahoton kuɗi ne, Iya, ga shi nan a fili. In kina da ƙorafi ki zo da shafi da layi." Ta ce to, Allah ya yi albarka, ta wuce. Maganar ta fito sumul, ban ko yi tunani ba. Gaskiya ce kuma, haka sashe na 13 ya ce.

Namu yana shafi na 15, layi na 2. Na rubuta ne kawai don in ajiye.

Makullin yana jakata, zai kwana a nan har Baba Masinja ya warke. Ban ce ba zan buɗe ba. Akwai sauran kwana ashirin.

An ƙara katako na uku a bakin layi, ban san yaushe ba. Baba ya ce ya fi sati biyu.

Umma ta ce tun da ta dawo ɗakina take saurare, kwanan nan ba ta ƙara jin ina cizon haƙora ba. Ta ce alhamdu lillahi, littafin nan ya yi amfani.